Lamba Biyu a Jikin Bashen Baba

Asabar, 5 ga Oktoba 2024

Yaya Habu ya zo da hantsi, ko zama bai yi ba. Wai an samu mai son bashen Baba, tsohuwar a-kori-kurarsa. Na ɗauka zolaya ce. Motar da ta shekara goma sha biyar a bayan gida bisa duwatsu huɗu, kaji na yin ƙwai a kujerar direba.

Wani mai kantin magani ne a Yamai, Mushe (wato Monsieur) Abdulmajid, yana tara tsofaffin motoci yadda wasu ke tara tattabaru. Hotonta ya gani a wayar wani. Fijo 404 mai buɗaɗɗen baya, ta 1969, ƙirar Faransa, hannu ɗaya tun fitowarta. Abin da ya ja shi ke nan. Sai dai ba ya sayen ƙarfe sai da tarihinsa. Yana son dosiye: kartigiris, wato takardar rajistar motar, tsofaffin hotuna, da takarda da Faransanci mai faɗin inda motar ta fito da hannuwan da ta bi, wani na cikin gida ya sa hannu.

A nan aka tuna da ni. "Ke ce malamar tarihi," in ji Yaya. "Yau dai karatun naki shi yi muna rana." Shekara huɗu a jami'a, goma sha ɗaya ina koyarwa a lise, babbar sakandare, ashe duk shiri ne na rubuta wa akurkin kaji takardar haihuwa.

Na ce to.

Litinin, 7 ga Oktoba

Inna ta ba ni makullin akwatin ƙarfen Baba. Mutumin da ko sunansa da ƙyar yake rubutawa, amma bai taɓa yar da takarda ba. Kartigiris na naɗe cikin leda uku, sunansa a kai, Umaru Dogon Dutsi. Takardun inshora na kowace shekara an ɗaure da zare. Akwai hoto ɗaya na 1971, yana jingine da ƙofar motar da wando mai faɗin ƙafa, yana wani taƙama kamar shi ya ƙera ta.

Na ji daɗin aikin, ba zan ɓoye ba. Na riga na tsara sakin layi ɗaya a kaina: yadda duk kaka Baba ke loda damman hatsi ya kai Dumega wa Gwaggo Zalihatu, matar abokinsa Is'haƙa da ya rasu. Ko da motar ta tsaya bai fasa ba, da amalanke yake aikawa. Ranar zaman makokin Baba babu wanda bai ambaci wannan ba. Mutumin Yamai zai so irin wannan labari, suna son talakawa masu kirki.

Laraba, 9 ga Oktoba

Mushe Abdulmajid ya kira ni da kansa. Murya mai sanyi, Faransanci kamar na littafi. Ya ce hoto biyu yake buƙata kafin kome. Na farko ɗan farantin ƙarfe da ke maƙale ƙarƙashin murfin inji, mai ɗauke da lambar shasi. Na biyu lambar da aka buga a jikin ƙarfen motar kansa, can gefen dama. Dole biyun su yi daidai da ta kartigiris. In sun yi daidai, mota ce. In ba su yi ba, tarin kayan gyara ne mai ƙafa huɗu. Da ladabi ya faɗa, har da dariya.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Bayan la'asar na kori kajin, na ɗaga murfin. Farantin yana nan, na goge shi da tsumma da kananzir, lambarsa ɗaya da ta kartigiris. Ta jikin ƙarfen ce ta ba ni wuya, sai da na kankare tsatsa da cokali.

Ba ɗaya ba ce. Da bambancin lamba guda ne sai in ce idona ne. Babu inda suka haɗu.

Na karanta sau huɗu. Na rufe murfin, na wanke hannu.

Juma'a, 11 ga Oktoba

Na koya wa 'yan aji darasi kan yadda ake tantance sahihancin tushen tarihi. Allah ya iya tsara abu.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na je wurin Kawu Mani. Shi ya yi wa Baba gyaran mota tun kafin a haife ni, yanzu ya bar garaji, zaune yake a ƙofar gida yana sa wa masu wucewa ido. Na nuna masa hoton a waya. Ya kai shi nesa, ya matso da shi kusa, ya mayar mini.

"Wa ya aike ki tonon wannan, ɗiyata?"

Na ce tambaya na zo yi, ba amsa na kawo ba.

Ga abin da ya faɗa, iyakar yadda na riƙe. A shekarar yunwar 84 motar Baba ta ƙone ƙurmus a hanyar Sukukutane, da jarkokin fetur a bayanta. Takardun suna cikin aljihunsa, su kaɗai suka tsira. A wannan shekarar Is'haƙa ya kwanta ciwo ya rasu, ya bar bashe iri ɗaya, amma haɗin Kaduna ce ta 77, ya shigo da ita ta daji, ba ta taɓa ganin duwan ba, wato 'yan kwastan. Ke nan ga takarda babu mota, ga mota babu takarda.

"Sai munka ɗaura musu aure," in ji Kawu Mani. Haka masu gyara ke kiran abin. Shi da hannunsa ya ciro farantin daga gawar motar Baba, ya maƙala a ta Is'haƙa, ya yi mata fenti. Jandarma faranti suke dubawa, ba sa kankare tsatsa da cokali.

Na ce to hatsin da ake kai wa Gwaggo Zalihatu fa?

Ya dube ni kamar na tambaye shi ko ruwa na jiƙa mutum. "Rabonta ne mana. Motar mijinta ce ke nema."

Rabonta. Shekara talatin da shida ana yi wa mutum kirarin mai riƙon zumunci, ashe haya yake biya.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Na tambayi Inna ko ta sani. Tana tankaɗe, ba ta ɗaga kai ba. "Maganar maza ce ta tasha." Na ce ba tambayar da na yi ba ke nan. Ta ce in miƙo mata ƙwarya.

Ta sani.

Kuma tana zaune shekara huɗu da suka wuce lokacin da Yaya ya ce a daina aika hatsin, wai sadaka ba farilla ba ce, mai yi ya tafi da ladansa. Ni ma ina zaune. Amma ni ban sani ba, akwai bambanci.

Talata, 15 ga Oktoba

Na samu Yaya a shagonsa na siminti, na faɗa masa kome. Na zuba ido in ga ko zai girgiza. Sai ya ce, "Lambar ta jikin ƙarfe, ana iya gyara ta?"

Na ce ban gane ba.

"A goge, a buga wadda ta dace. Masu walda na yi kullum."

Wannan shi ne mutumin da ya hana a yi wa Baba sadakar arba'in saboda ba ta da asali. Yau yana neman wanda zai ƙirƙiro wa mota asali da guduma. Na faɗa masa haka, da waɗannan kalmomin. Ya ce in bar haɗa addini da ƙarfe. Na ce to Gwaggo Zalihatu fa, ita ma ƙarfe ce? Ya ce takarda sunan wa take ɗauke da shi, ai ni ce mai girmama takarda.

"Ke dai rubuta abin da ke ga kartigiris, Shamsiyya. Ba ƙarya kinka yi ba, kwafa kinka yi."

Na ce sa hannuna ba ya kwafa. Ya ce, "Madam furofesa." Wani ya shigo sayen siminti, maganar ta mutu a nan.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ba Yaya ne ya fi ba ni haushi ba, shi dama na san shi. Baba ne. Mutum ya adana rasit ɗin taya na 1990, amma ya kasa barin layi ɗaya mai cewa motar nan ta marayun Is'haƙa ce. Ya zauna ana yabonsa a masallaci yana sunkuyar da kai. Ina ɗaukar sunkuyawar nan tawali'u.

Hoton 1971 ma ba wannan motar ba ce. Na cire shi daga dosiye.

Asabar, 19 ga Oktoba

Yaya ya je wurin Kawu Mani. Tsohon ya ce idonsa ya mutu, ba ya ganin lamba. Jiya na gan shi yana zura zare a allura. Yanzu wai ranar Litinin za a kawo wani daga Ƙonni da kayan aikinsa. Takardar kuma in na ƙi, akwai masu rubuta wa mutane wasiƙa a bakin meri, ofishin magajin gari, Faransanci ba gadona ba ne.

Wannan gaskiya ne, ba gadona ba ne.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na kira Mushe Abdulmajid bayan azahar. Na aika masa hotunan biyu, na ba shi labarin daga ƙonewar har zuwa auren. Ban rage ba, ban ƙara ba.

Ya saurara har ƙarshe. Ya ce labari ne mai daɗi ƙwarai, ya fi na yawancin motocinsa. Sannan ya ce ba zai saya ba. Yana da haɗin Kaduna guda biyu, ta Faransa ta 69 yake nema, kuma wannan a takarda mota ce da ta ƙone shekara arba'in da suka wuce. Ya gode mini da gaskiyata, ya ce irina ba su da yawa.

Na ji daɗin wannan maganar fiye da yadda ya kamata.

Litinin, 21 ga Oktoba

Yaya ya ji, mutumin ne ya kira shi. Bai yi ihu ba, da ma ya yi. Ya zo ya gaida Inna, ya tambayi lafiyar awaki, ya wuce ta gabana kamar turmi ne a ajiye. Daga bakin ƙofa ya ce wa Inna, "Ki ce ma ɗiyarki ta ci gaskiyar tata, Allah shi sa ta ƙoshi."

Inna ta ce mini, "Kin kyauta." Ban san ta wace fuska ba, ban kuma tambaya ba.

Laraba, 23 ga Oktoba

Na rubuta tarihin duk da haka, shafi uku, na gaskiya. Sunan Is'haƙa a sama, na Gwaggo Zalihatu a ƙarƙashinsa, na Baba a inda ya dace da shi. Asabar zan kai mata Dumega in karanta mata da Hausa. Shekara arba'in ba wanda ya ce da matar nan ga hakkinki. To ni zan ce.

Asabar, 26 ga Oktoba

Na dawo. Zan rubuta shi yadda ya faru, don in na bari ya kwana zan gyara shi.

Motar haya zuwa Tibiri, daga nan kabu-kabu. Rabona da gidan Gwaggo Zalihatu tun ina ɗalibar lise. Ɗakinta ya faɗi da ruwan Agusta, bango ɗaya ya rage a tsaye. Cikin rumfar zana take kwana, an jingina gadonta da rumbu. Na same ta tana ɓarar gujiya, ta gane ni tun kafin in yi sallama ta biyu. "Ta Umaru mai boko. Wa ya mutu?"

Na ce ba kowa. Ta ce to madalla, don ba ta saba ganin mu haka kawai ba. Ta turo mini tabarma da ƙafa.

Na fara jawabina, wanda na shirya tun a mota. Na ce na gano gaskiyar motar, na ce an zalunce ta, na fito da shafukan. Ta bar ni na karanta kusan rabi tana ɓara. Da na kai wurin da na rubuta cewa Baba ya karɓe motar, sai ta ɗaga hannu.

"Wa ya ce miki karɓewa ya yi? Ni na aika anka kira shi."

Ashe shawararta ce. Ana gama kwana bakwai na makoki ƙannen Is'haƙa suka fara maganar kai motar Najeriya su sayar, ita kuma ga 'ya'ya huɗu, ga yunwa. Ta ji motar Baba ta ƙone. Ita ta ce a ja ta mijinta zuwa garajin Mani, a ce wa dangi duwan sun kama. Ita ta ce a kira hatsin sadaka, don ranar da aka ji rabo ne, ranar za su dawo. "Umaru bai so ba. Cewa ya yi kunya yake ji a riƙa yabonshi. Na ce ka ji kunyar, ɗiyana su ci tuwo."

Na ce amma da ya rubuta, ko layi ɗaya.

"Umaru ya iya rubutu? Ke da kinka iya, kin taɓa zama kin tambaye shi?"

Sai na jawo abin da nake ganin shi ne babban makamina. Na ce Yaya ya so sayar da motar da lambar ƙarya, ni na hana, na kira mai sayen na faɗa masa kome, ya fasa.

Ta aje gujiyar.

"Ya hwasa."

Na ce e.

Ta ce labarin cinikin ya iso mata tun sati biyu, direbobin tasha ba su da wani aiki. Jira take a sayar ta aika wa Habu neman hakkinta, Mani na da rai, shi ne shaida, kuma ta san hanyar gidanmu ko da mu mun manta tata. Ta nuna bangon da ya rage da haɓarta.

Na ce, Gwaggo, da ƙarya fa za a sayar.

"Ni ban ce a yi ƙarya ba. Ƙila in an zo an tambaye ni in ce a hwaɗa mai gaskiya, a rage mai, shi ɗauka hakanan. Ƙila in ce a bari. Motar wa ce, inji takardar taki?"

Na ce taki.

"To da kinka ɗauki waya, kin tambaye ni?"

Ba da faɗa ta yi maganar ba. Ta ci gaba da ɓara. Ta sa aka dama mini fura, ta cika mini leda da gujiya, ta ce in gaida Inna, in ce mata ta tsufa da rowar ziyara. Shafukan ta ce in tafi da su, akuya za ta cinye.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Ban fita ba. Na gyara takardun jarrabawa arba'in da biyu, na ba su maki da mugunta.

Talata, 29 ga Oktoba

Har yanzu ina ganin buga lambar ƙarya laifi ne, kuma da za a sake ba zan sa hannu ba. Wannan bai canza ba. Ina rubuta shi don in gan shi a rubuce.

Sai dai tsakanin Asabar ɗin da na je wurin Kawu Mani da Lahadin da na yi waya kwana takwas ne. Dumega ba Makka ba ce.

Na sake kiran mutumin Yamai. Na tambaye shi ko akwai masu sayen mota irin wannan da labarinta na gaskiya. Ya ce akwai, ba da daraja ɗaya ba, kuma sai an bi ofis an daidaita takardun, abin da zai ci watanni. Ya san wani. Amma kafin kome yana son takarda daga mai motar ta ainihi cewa ta yarda. Ya ce, "Ita ce ya kamata mu fara ji, ko ba haka ba, madam?" Na ce haka ne. Kowa ya zama malamina a wannan watan.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Na je gidan Yaya bayan an sauko daga masallaci. Ba haƙuri na je ba shi ba. Kartigiris ya koma hannunsa, kuma ba ni da mota, shi ke nan dalilin.

Ni na fara gaishe shi. Ya amsa yana kallon waya. Na ba shi labarin Dumega duka, har da wurin da ba na so. Da na zo kan "kin tambaye ni" sai ya yi dariya, har ya aje wayar. Na ƙyale shi ya gama. Da na zo kan ɗakin bai yi dariya ba. Ya tambayi bango nawa ya faɗi, na ce uku. Ya kalli ƙasa, irin kallon da yake yi in yana auna aikin gini.

Ya ce, "In ta ce a saida, ke za ki bi ofis-ofis ɗin. Ni ba ni iya layi." Na ce na ji. Ya ce in ta ce a bari fa? Na ce sai a bari, kaji su ci gaba. Ya ce Lahadi da sassafe za mu Dumega, kada in sa shi jira.

Na yage shafi na biyu, zan sake shi. Ban fara ba tukuna, sai na ji daga bakinta. Zan tafi da biro da farar takarda, in zauna in yi shiru, in dai zan iya.